Minti Arba'in a Ta'aziyyar Likita

Litinin

Zuwa ga uwargidana, Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya mai jego, ya jaririya, ya kuma ƙafar nan taki da kike ɓoye min ciwonta? Ki gaida surukinmu, ki ce na gode da hoton da ya aiko. Na duba shi da tabarau, na cire na sake dubawa, ban ga inda yarinyar ta ɗauko ni ba, sai dai in ɗaure fuskar ake nufi. Ni lafiyata ƙalau. Gida yana nan yadda kika bar shi, ban da ƙaramar tukunya da na ƙona, da shukarki ta bakin taga da na yi ta ba ruwa har ta gaji ta kwanta.

Kin san ni da waya, ina fara magana sai in ji kamar an tsaya a kaina ana jira in gama. Shi ya sa na ba direban motar safe wannan takarda. Akwai maganar da nake so mu yi. Ta aiki ce, amma ta shafe ki.

Ranar Asabar tsohon Likita ya aiko a kira ni. Jikin ya yi nisa. Babbar 'yarsa, Lauya, ita ta buɗe min ƙofa, ta yi min irin kallon da ake yi min a duk gidan da ke da mara lafiya. Na saba. Shekara ashirin da shida ina riƙe da shafin baya na jaridarmu, shafin ta'aziyya, duk tsohon da na yi wa ya jiki sai ya miƙe zaune ya ce ai garau yake. Shi Likita bai yi haka ba. Ina zama ya ce ya san tasa ta'aziyyar ta daɗe a durowata, in je in ɗauko in karanta masa.

Bai yi ƙarya ba. Manyan garin nan su goma sha tara ne a durowar ƙasa ta teburina, kowa da fayil ɗinsa, an rubuta tsaf, rana kawai ta rage a cike. Mutane na ɗauka mugun fata ne. To in babban mutum ya cika ranar Laraba, Alhamis da azahar ake rufe shafi, wa zai tattaro shekara tamanin a wuni ɗaya? Ta Likita ce mafi tsufa a ciki. Sau huɗu ina sabunta ta, biyu daga cikin waɗanda suka yabe shi a cikinta ma sun riga shi tafiya. Ban taɓa karanta wa mutum tasa ba, amma ban ga dalilin hana shi ba, sai na koma ofis na ɗauko.

Ya saurara idonsa a rufe. Ya gyara min shekarar da ya dawo daga karatu. Ya ce gadajen ɗakin yara ashirin da biyu ne, ba ashirin ba. Ya ce in cire kalmar gwarzo, shi ba ɗan dambe ba ne. Da na kai ƙarshe ya ce saura jimla ɗaya, in ɗauki biro. Ya faɗe ta a hankali, yadda yake faɗa wa mutum ƙa'idar shan magani:

"A ranar da aka buɗe sabon ɗakin yara, ya tsaya da baƙi, ya bar wani yaro ɗan shekara huɗu a kan benci minti arba'in numfashinsa na sarƙewa, yaron ya mutu."

Na rubuta, na karanta masa, ya ce daidai. Sannan ya buɗe ido ya ce, "Yaron naka ne." Na ce na gane tun da ya ambaci ranar. Na mayar da biro aljihu. Na rufe fayil, na yi masa Allah ya sawwaƙe, na fito.

Malama, abin da na sani game da ranar nan kaɗan ne. Da safe na bar yaronmu yana ɗan tari, na tafi asibitin ɗauko labarin buɗewar, don lokacin ni ɗan rahoto ne. Daga can na wuce maɗaba'a, a nan tela maƙwabcinmu ya same ni da la'asar. Abin da aka gaya min shi ne kun isa a makare, ba abin da za a iya yi. Ban tambaye ki ba, ke ma ba ki ce komai ba, muka ci gaba da zama shekara talatin da ɗaya.

Kin san ƙa'idar gidan jaridarmu tun zamanin mahaifin Edita: duk abin da zai taɓa sunan mutum ba ya hawa shafi sai da shaida biyu, ko da mai sunan ne ya faɗa da bakinsa. An kafa ta ne tun da wani tsoho ya ba mu labarin yaƙin da bai je ba, muka buga, abokansa suka zo ofis suna dariya. Likita shaida ɗaya ne. Nas ɗin da ke aiki ranar ta rasu, ni na rubuta tata, layi shida. Saura ke. In kin tabbatar, zan buga jimlar. In ba ki tabbatar ba, dole in cire ta, a binne shi da ta'aziyyar da ya ce ba ta cika ba.

Don haka ina so ki gaya min ƙarfe nawa kuka isa, da wa kika fara magana, da kuma ko jiran ya kai minti arba'in ɗin. Ki yafe min da na yi miki tambayar kamar baƙuwa, haka kawai na iya yin ta.

Ki shafa min kan jaririya. Ki riƙa ɗora ƙafar nan a kan matashi.

Mijinki,
Mai shafin baya

Juma'a

Malama,

Ina gaishe ki, da fatan kun kwana lafiya ke da mutanen gidan. Direba ya kawo min man gwiwa, na gode, ina shafawa. Takarda ce dai bai kawo ba. Ya ce 'yarmu ta ce Mama ta ce in bar zancen, in kuma daina cin abinci a tsaye. Na biyun na daina.

Na kai wa Edita jimlar. Ya karanta sau biyu, ya tura min takardar da ɗan yatsa kamar za ta ƙona shi. Ya ce shafin baya ba kotu ba ne, mutumin da aka sa wa titi sunansa, wanda rabin garin nan a hannunsa aka haife su, ciki har da shi Editan, ba za a raka shi da wannan ba. Na ce ba ni na ƙirƙira ba, mai ita ne ya ce a sa. Sai ya fake da ƙa'idar ubansa, ya ce in kawo shaida ta biyu. Ya faɗa yana murmushi, don a ganinsa babu ita. Ban gaya masa ko yaron wa ne ba. Da na gaya masa da ya karɓe fayil ɗin ya ba wani, yana ganin ya tausaya min.

Jiya kuma Lauya ta zo ofis. Ba ta zauna ba, ga kujera kuwa na share mata. Ta ce mahaifinta ya fara ruɗewa, maganin da ake ba shi yana sa shi surutai, duk abin da ya faɗa a makonnin nan bai kamata a riƙe shi ba. Na ce mutumin da ya tuna gadaje ashirin da biyu ne, na je na duba na tarar haka ne, ban ga ruɗewarsa ba. Ta ce tana da 'ya'ya a makarantar garin nan, kuma sunan kakansu ke kan ƙofar asibiti. Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Da za ta fita ta juyo ta tambaye ni ko iyayen yaron suna raye, in suna raye me wannan zai ƙara musu. Na ce ina kan tambaya.

Bari in gaya miki abin da nake ji, tunda ba kya nan balle ki karanta a fuskata. Na zaci zan yi fushi, ban yi ba. Abin da na ji ya fi kama da sauƙi, kuma ina jin kunyar sa. Shekara da shekaru ina ɗauka ba laifin kowa ba ne, kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, kwana ne ya ƙare. Amma yanzu ga mutum ya ɗaga hannu ya ce shi ne ya tsaya. Na lura ina tafiya ofis da sauri fiye da da. Na sake rubuta sakin layin da ke gaban jimlar sau uku don ta zauna daram, kuma na ji daɗin yadda ta zauna. Ban ce wannan hali ne mai kyau ba.

An ce Likita ya daina cin abinci, sai ruwa. Ba zan matsa miki ba, amma kin san Alhamis ba ta jira. Layi biyu ma sun isa, ko ki faɗa wa 'yarmu ta rubuta.

Ki gaida kowa. Shukar taki ta ɗan ɗago kai tun da na bar ta ta huta.

Naki,
Mai shafin baya

Talata

Malama,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin mai jego, ya kwanan jaririya? Na ji an ce tana hana ku barci. Uwarta ma haka ta yi, ki tuna mata.

Tunda shiru na ji daga wajenki, na koma gun Likita da safiyar jiya, ko zan samo wani da ya ga abin. An dawo da gadonsa falo kusa da taga. Ya rame har agogon hannunsa ya koma gwiwar hannu, amma ya ƙi a cire. Lauya ta bar mu, ta bar ƙofa a buɗe.

Na tambaye shi yadda ya san minti arba'in ne. Ya ce daga baya ya duba littafin shiga, ya ga lokacin da aka rubuta sunan yaron, ya kuma san lokacin da shi ya isa. Littafin ya ɓace tun da aka yi gyaran gini. Na tambaye shi ko an kira shi. Ya ce sau biyu nas ta zo. Na tambaya ko da ya je da wuri yaron zai tashi. Ya ce Allah ne masani, amma allura ɗaya ce, kuma ya ga waɗanda suka fi shi galabaita sun tashi da ita. Duk wannan ya faɗa ba tare da ya kau da kai ba.

Sai na ce su wane ne baƙin, ko akwai mai rai a cikinsu in je in same shi. Nan ya canza. Ya ce baƙi dai. Na ce ai ni ma ina wurin, na tuna shugaban hukuma da mutanensa sun tafi tun kafin azahar, to su wa suka rage? Ya ce ya manta. Mutumin da bai manta adadin gadaje ba. Na sake juya tambayar ta wata hanya, yadda muke yi, ya kalli taga ya ce, "Ka rubuta nawa kawai." Daga nan ya ce ya gaji.

Shekara arba'in ina wannan aiki, na san lokacin da mutum ke rufa wa wani asiri. Zatona wani babba ne, mai yiwuwa yana cikin sha tara ɗin da ke durowata. Da na koma ofis na fito da fayilolin duka na jera a kan tebur, ina duba wanda ya halarci buɗewar. Huɗu na samu. Tsohon Alƙali, da Mai Gidan Mai, da Hedimasta, da wani da ba zan sa a takarda ba. Na yi niyyar bin su ɗaya bayan ɗaya, ko da yake na san duk wanda ya gan ni a ƙofarsa sai ya aika a auna masa jini.

In har akwai wanda ya riƙe likita da surutu yaro na kan benci, ina ganin shi ma a sa shi. Ba don ramuwa ba. Jimlar ce ba ta cika ba in babu shi, kuma kin san ba na son jimla mai rami.

Ke kina wurin, wataƙila kin ga ko wane ne. Ko kamanninsa kawai kika tuna, ki gaya min.

Ina kewarki, gidan ya yi min faɗi. Ki gaida surukinmu.

Mijinki,
Mai shafin baya

Asabar

Malama,

Ina gaishe ki. Da fatan kuna lafiya.

Takardarki ta iso jiya da hantsi. Na karanta a tsaye a bakin tasha, na ninke, na sa a aljihu. Kin ce kun isa sha biyu da kwata. Kin ce nas ta zaunar da ku a bencin baranda ta tafi kiran Likita, ta dawo, ta sake tafiya. Kin ce daga bencin ana hango ofishinsa ta taga, kuma mutum ɗaya ne a ciki tare da shi. Kin ce in bar tsofaffin mutane su huta, in hau sito in buɗe jaridar wannan makon.

Na hau. Kin san siton namu, tsanin katako, kundaye jere a kan kanta kowace shekara da nata, ɓeraye sun ci gefen wasu. Na sauko da na shekarar, na ɗora a kan tebur, na goge da hannun riga. Labarin buɗewar yana shafin farko da hoton yanke zare. Hirar da na yi da Likita tana shafi na uku, ta cinye shafin duka, sunana a sama da manyan baƙaƙe. Ita ce karon farko da aka ba ni shafi guda ni kaɗai. Na tuna na sayo kwafi biyar a makon, ban dai tuna inda suka shiga ba, don gidan cike yake da masu gaisuwa.

Ga abin da na rubuta a sakin layi na biyu, na kwafo miki shi yadda yake: "Sau biyu wata nas ta leƙo tana nemansa, amma Likita, da yake mutum ne mai girmama baƙo, ya tsaya ya amsa mana tambayoyinmu duka." Yabo na yi. Na tuna ma na ji daɗin jimlar lokacin da na rubuta ta, ina ganin ta nuna halin mutumin.

Tambayoyi goma sha ɗaya ne. Na ƙirga. Ta tara a kan fentin bango ce, me ya sa aka zaɓi kore. Ta ƙarshe ita ce me yake yi in ya samu hutu, ya ce yana kiwon tantabaru, na bi shi da tambayar guda nawa.

Ina zaune a wurin sauran ya dawo min, ba wanda ya gaya min. Leƙowa ta biyu, Likita ya dafa tebur zai miƙe. Ni na ɗaga wa nas hannu, ban ko juya na dube ta ba, na ce minti biyu. Ya koma ya zauna. Da muka gama na fita ta ƙofar baya, don ta fi kusa da hanyar maɗaba'a. Da ta gaba na bi, da na wuce ta gabanku.

Na mayar da kundin inda yake, na sauko, na gyara ta'aziyyar wani direban tanki da za ta fito mako mai zuwa, don an rubuta sunan ƙanensa ba daidai ba. Edita ya wuce ya ce na yi fari, ko zazzaɓi ne. Na ce ƙurar sito ce. Na dawo gida na zauna a kujerarki har aka kira magariba, ban kunna fitila ba.

Kin gan ni ta taga, da rigar nan mai ruwan toka da kika goge min da safe. Kin ce ba ki iya tashi ba don yana kan cinyarki kina riƙe masa kai, kin ɗauka nas za ta faɗa min, ita kuma ba ta san mijinki ne ba. Daga baya kika roƙe ta, kika roƙi Likita, kada a gaya min. Ban san yadda aka yi kika iya zuba min abinci washegari ba, da duk ranakun da suka biyo. Na yi ta bincika zamanmu ko akwai ranar da kika yi min gori da shi ko da a kaikaice, ban samu ba. Faɗa kam mun yi, a kan labule, a kan 'yan'uwana, a kan karatun 'yarmu. Wannan ba ki taɓa ɗaukowa ba, ga shi kuwa a hannunki.

Mako biyu ina matsa miki kamar mai bin shaida, ina jin daɗin na samu mai laifi. Ina jin kunyarki, Malama. Ba zan ce ki yafe min a takarda ba, ya yi sauƙi da yawa.

Yanzu shaida ta cika, har ta yi yawa. Ƙa'ida ta ce a buga. Amma in an buga ba zan buga rabi ba, kuma in na buga duka, abin da kika rufe shekara talatin da ɗaya zai zama abin karantawa a shagon aski. Ke kika riƙe shi, ba ni da ikon buɗe shi ba da yawunki ba. In kin ce a'a zan cire duka, in je in gaya wa Likita ban samu shaida ba, zai gane.

Ki gaida 'yarmu. Kada ki gaya mata tukuna, ni zan gaya mata.

Mijinki

Juma'a

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da mai jego da jaririya da maigidan. Ni ina nan.

Likita ya rasu ranar Talata da safe, Allah ya jiƙansa. Wataƙila labari ya riga takardata isa.

Amsarki ta same ni ranar Litinin. Layi ɗaya: in buga, amma shekarar yaron huɗu da wata biyu. Na gyara.

Da yammacin ranar na je wurinsa. Muryarsa ta dushe, sai na sunkuya nake ji. Na ce masa na samu shaida, na kuma ƙara jimla ɗaya a bayan tasa. Na karanta masa: "Baƙon da ya tsayar da shi shi ne marubucin wannan shafi, yaron kuma ɗansa ne." Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce ba haka muka yi da shi ba. Ya ce ni tambaya ce aikina, shi ne likita, shi nas ta zo kira, da ya ga dama da ya bar ni zaune da littafina. Ya ce, "Daɗin tambayoyin na ji." Na ce ni kuma na ɗaga hannu. Ya ce ya gani. Sai Lauya ta shigo da ruwa. Ashe tana bakin ƙofa ta ji komai. Ta raka ni har waje, abin da ba ta taɓa yi ba, ba ta ce a cire ba, ba ta ce a bari ba. Ta ce in gaishe ki.

Ranar Alhamis da safe na kai wa Edita fayil ɗin, da takardarki, da kundin a buɗe a shafi na uku. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya ce ta Likita ta cika ƙa'ida, ba yadda zai yi, amma tawa a cire, ba wanda ya tambaye ni. Na ce ko su tafi tare ko su tsaya tare. Ya ce garin nan ƙarami ne, a nan zan ci gaba da sayen burodi. Na ce na sani. Ya sa hannu ya tura min, ya ce in tafi gida in huta. Ban tafi ba, na tsaya har aka ɗora shafin, don mai haɗa shafi yana da halin yanke ƙarshen rubutu in wuri ya matse, kuma jimlolin biyu a ƙarshe suke.

Yau ta fito. Ta'aziyyar ta ci shafin baya duka, da hotonsa na lokacin da gashinsa ke baƙi. Gadaje ashirin da biyu, ba gwarzo. Na bi ta layi layi, ba kuskure ko ɗaya.

Na bi ta babban titi da ƙafa kamar kullum. Mai kanti ya miƙo min burodi bai yi min tsiyar da ya saba ba. Hedimasta ya hango ni daga baranda, maimakon ya shige ciki yadda yake yi in ya gan ni, ya sauko ya ba ni hannu, ya riƙe gam. Wasu sun kau da kai. Wata mata da ban sani ba ta tsayar da ni ta ce Likita ne ya ceci 'yarta, ba ta ji daɗin abin da muka buga ba. Na ce wannan ma yana cikin shafin, sakin layi na huɗu, yara da yawa ya ceta. Ta ce duk da haka. Na ce tana da gaskiya.

Na zaci in ta fito zan ji an sauke min wani abu. Ban ji ba. Abin da na ji shi ne na san ƙarfe nawa kuka isa, na san minti nawa kuka yi, na san wata nawa ya ɗora a kan shekara huɗu, kuma ban san komai a kan abin da ya faru a bencin ba.

Na sa miki kwafi ɗaya a ambulan ɗin nan, ba sai kin karanta ba. Na ɗauki hutun mako biyu, karo na farko tun auren 'yarmu. Zan biyo motar Lahadi, in ga jikar nan da aka ce tana kama da ni, in zauna da uwarta in gaya mata tana da yaya namiji da ya rasu, da kuma yadda aka yi.

Bayan nan ina da roƙo. In an samu lokacin da jaririya ta yi barci, ki zaunar da ni ki ba ni labarin minti arba'in ɗin, daga farko har ƙarshe, yadda ya kwanta, da abin da kika riƙa ce masa, da ko shi ma ya hango tagar. Kin rufa min asiri ya isa haka. In ya kira ni, kada ki ce bai kira ba.

Ki gaida kowa da kowa. Sai na zo, in Allah ya yarda.

Mijinki,
Baban yaronki